Shugaban Makaranta, Kujerarka Tana Bayan Aji

Duk wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ya ratsa Aliero, ya shigo Jega, ya miƙe kudu zuwa Maiyama, ba zai ce ƙasar nan tamu ba ta da makarantu ba. Ga su nan dama da hagu, waɗansu da sabon kwano da sabon fenti, waɗansu da allo a bakin ƙofa mai ɗauke da sunan hukumar da ta yi gyaran. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006. A Jega akwai kwalejin koyon aikin lafiya. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976, zuwa shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, gwamnatoci suna ta gina ajujuwa, kuma tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991 ba a daina ba. Ba zan raina wannan ƙoƙari ba. Yaron da ke zaune a kan benci ƙarƙashin rufi ya fi wanda ke zaune a ƙasa gindin darbejiya samun natsuwa.

Amma ina so mu tambayi kanmu, mu malamai da iyaye da 'yan ikilisiya masu karanta wannan mujalla ta shekara, me ake yi a cikin ajujuwan nan daga ƙarfe takwas zuwa tashi? Mu da muke karɓar yara a aji ɗaya na ƙaramar sakandare mun san amsar, ko da ba ma son faɗarta a gaban baƙi. Kowace shekara akwai yaran da ke zuwa mana da takardar gama firamare a hannu, sun yi shekara shida suna zuwa makaranta, amma idan ka ba su sakin layi ɗaya na Hausa, harshen da suka sha a nono, sai su tsaya suna kallon bakinka. Turanci kuwa ba a magana. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Ka aike su kasuwar Jega da kuɗi, ba mai cutar su ko da naira ɗaya. Abin da ya faru shi ne ba a koya musu ba, kuma cikin shekara shidan nan ba wanda ya tsaya ya duba ko ana koya musu.

Ra'ayina a kan wannan a taƙaice yake. Mutumin da ya kamata ya duba shi ne shugaban makaranta, hedimasta ne ko firinsifal, kuma ba zai iya dubawa daga ofis ba. Sai ya ɗauki kujera ya shiga aji ya zauna a baya.

Bari mu fara da lokaci, domin shi ne dukiyar da makaranta ta fi asara. Zangon karatu kimanin mako 13 ne. Makon farko yakan tafi a shara da yankan ciyawa da jiran waɗanda ba su dawo daga hutu ba. Makonni biyu na ƙarshe na jarrabawa ne da haɗa maki. Saura 10. A cire hutun tsakiyar zango da shirin wasannin guje-guje da ranar da aka jera yara a rana domin tarbar wani babban baƙo, a ce mako ɗaya. Saura 9. Ranar da kasuwa ke ci, a makarantu da yawa aji yakan watse kafin rana ta take, yara sun tafi talla ko dako, wani lokaci har da malamin. Rabin yini a kowane mako, sau tara, ya kusa mako guda. Saura 8. Yanzu a ce darasi minti 40 ne, malam kuma yakan shigo bayan minti goma, domin yana ƙarasa hira a ɗakin malamai. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Mako 8 ya koma 6. Wannan lissafi nawa ne, na alli da allo, kowa ya gwada shi a makarantarsa ya ga inda zai faɗa. To, manhajar da aka tsara domin mako 13, ta yaya za ta shiga cikin mako 6? Sai dai malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a ce an gama.

Ba kwamishina ne zai dawo da waɗannan makonni ba, ba kuma Bankin Duniya ba. Shugaban da ke bakin ƙofa tun kafin a buga ƙararrawa, wanda ya sa aka fara darasi ranar Talatar makon farko ko da yara goma ne suka zo, wanda idan ya ga aji ba malami yakan shiga ya koyar da kansa sa'an nan ya nemi mai darasin, shi ne zai dawo da su. Wannan ba ya cin kasafin kuɗi. Kunya ma kaɗai ta isa ta gyara malamai da yawa, domin ba wanda ke son ya leƙo ta taga ya tarar da maigidansa riƙe da allinsa.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu musamman. Aliero garin albasa ne, duk Nijeriya ta sani, manyan motoci suna lodi daga nan zuwa kudu har ƙetare. A fadamun Jega da Maiyama ga shinkafa ga kayan lambu. Lokacin dashe da lokacin cira, uba yana bukatar hannun ɗansa a fangali, kuma kuɗin albasar nan ne ke sayen littafin yaron da rigar makarantarsa. Shugaban da ya tsaya a taron safe yana zagin iyaye da jahilci bai san inda yake aiki ba. Wanda ya sani, tun kafin lokacin ya zo zai je wurin hakimi da dagaci, da limamai da fastoci, a zauna a yi shawara: yaro ya zo makaranta da safe, a sake shi da wuri ya tafi lambu, a sa lissafi da karatu a darasin farko da na biyu ranar kasuwa, wanda ya yi fashin mako biyu a san yadda za a cike masa giɓin idan ya dawo, kada a bar shi a baya yana hamma har ya gaji ya daina zuwa gaba ɗaya. Jadawalin da aka buga a Birnin Kebbi bai san ranar da ake cire albasa a Sabiyal ba. Hedimasta ya sani.

Yanzu ga zancen shiga aji, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Dukanmu da muka yi kwalejin horon malamai mun tuna zangon koyarwar gwaji. Malamin kwaleji yakan zo ba sanarwa, ya zauna a bencin ƙarshe da takardarsa, kai kuma kana gaba gumi yana keto maka. Bayan darasi ya kira ka gefe ya ce, ka yi wa allo magana ka juya wa yara baya, ka yi tambaya goma duk ga yara uku na gaba, ka ce “kun gane?” suka ce “e” ka wuce. Da zafi, amma a makonnin nan muka koyi aikin fiye da duk abin da muka haddace. Abin mamaki shi ne, daga ranar da aka ba mutum takardar ɗaukar aiki, sai kujerar nan ta baya ta zama wofi. Malami yana iya shekara ashirin yana koyarwa ba wani babba da ya taɓa zama ya saurari darasinsa daga farko zuwa ƙarshe. Kuskuren da ya fara da shi yana saurayi, da shi zai yi ritaya.

Wani zai ce ai shugabanni suna duba littafin tsarin darasi kowace Litinin, suna sa hannu da jan biro. Gaskiya ne. Amma littafin tsarin darasi yana nuna abin da malam ya yi niyya ne, ko abin da ya kwafo daga na bara. Idan kana son sanin abin da ya faru, karɓi littattafan yara biyar, biyu daga gaba, uku daga baya. Duba ranar da aka ba su aiki na ƙarshe. Duba ko an gyara, ko kuwa an ja dogon layi ne kawai an rubuta “na gani”. Kira yarinya ɗaya daga bencin ƙarshe, ba ta littafi, ka ce ta karanta maka layi uku. Cikin minti goma za ka san ajin fiye da abin da rahoton zango zai gaya maka. Gani ya kori ji.

A nan Aliero muna da misali a ƙofar gida. Daga nesa ake kawo masu karaya wurin masu ɗorin garin. Yaya mai ɗori ke koya wa ɗansa? Ba ya ba shi takarda ya ce je ka karanta. Yaro yana zaune yana riƙe ƙafar majinyaci shekara da shekaru, ranar da aka bar shi ya ɗaura kara da kansa kuwa, tsohon yana tsaye a kansa, idonsa a kan yatsun yaron, yana cewa sassauta nan, ja can. Sana'ar hannu haka ake koyonta, koyarwa kuma sana'a ce. Abin da ya bambanta mu da mai ɗori shi ne, idan ya yi kuskure ana ganin ƙafar a karkace cikin wata guda, mu kuwa namu sai bayan shekara shida yake fitowa, lokacin da ƙashin ya riga ya ƙame.

Na san akwai masu ganin cewa maganin ya fi wannan sauƙi: a yi wa malamai jarrabawa, a kori waɗanda suka faɗi. An gwada a Jihar Kaduna a 2017, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Malaman firamare kimanin 33,000 suka zauna jarrabawa a kan tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari, aka sallame su. Ba zan kare malamin da ba ya iya amsa tambayar ɗan aji huɗu ba, bai kamata ya riƙe alli ba tun farko. Sai dai abin da ya fi damuna a labarin shi ne, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da hedimasta, yana da sifeto, shekara da shekaru. Ina suke? Wa ya sa hannu a takardun ƙarin girmansu? Idan an kori dubu ashirin an ɗauki sababbin dubu ashirin, aka kuma bar su ba mai leƙa ajinsu, bayan shekara goma wata jarrabawar za a sake yi.

Hanyar da na fi amincewa da ita tsohuwa ce a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauye, ba ta tsaya ga rubuta waƙoƙi ba. Ta zaɓi dattawan mata, jajis, ta koyar da su, ta naɗa musu malfa, suka koma garuruwansu suna koyarwa, suna kuma dawowa wurinta su ƙaro. Shugabar tana koyar da masu koyarwa, alaƙar kuma ba ta yankewa. A zamaninmu, shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi da taimakon Amurka bayan 2015 ya bi kusan wannan sawu: littafin karatun Hausa a hannun kowane yaro na aji ɗaya zuwa uku, horo ga malami, sa'an nan jami'i mai zuwa aji ya zauna ya duba ya ba da shawara. Shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa, kuɗin baƙo ba ya dawwama. Hedimasta kuwa kullum yana nan.

Sai dai a yi hattara. Shugaban da zai shiga aji domin ya kama malami da laifi, ya tsawata masa a gaban yara, gara ya zauna a ofishinsa. Malamin da aka kunyata gaban ɗalibansa ya rasa ajin nan har ƙarshen shekara. A zauna shiru a baya, a fita shiru, a yi maganar a keɓe, a fara da abin da ya yi daidai, a ba shi gyara ɗaya tak wanda zai iya yi kafin mako mai zuwa, a kuma dawo a gani. Kuma shi shugaban ya riƙe darasi nasa na kansa, ko da aji ɗaya ne, ya bar ƙofa a buɗe domin ƙananan malamai su shigo su ga yadda yake yi. Wanda ya shekara goma bai taɓa alli ba, gyaransa ba ya shiga kunne.

To me ya sa ba a yin haka? Dalili na farko shi ne yadda ake naɗa shugabanni. Galibi ana duba shekarun aiki da matakin albashi, wani lokaci kuma ana duba wanda ya san wani. Mutum ya kai mataki, sai a ce lokacinsa ya yi, a ba shi makaranta kamar ladan haƙuri, ba tare da an taɓa ganin yadda yake koyarwa ba, balle a koya masa yadda ake jan ragamar malamai talatin. Dalili na biyu, da zarar ya hau kujerar sai takardu su binne shi: fom na ƙidaya, fom na rajistar jarrabawa, taro a ofishin shiyya, taro a Birnin Kebbi. Mun mai da shugabanninmu akawu masu yawo da fayil a bayan babur.

Gwamna Nasiru Idris, Ƙauran Gwandu, wanda ya hau mulki a watan Mayu 2023, malami ne, ya kuma shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa kafin ya shiga takara. Ba sai an fassara masa wannan magana ba. Roƙona gare shi da ma'aikatar ilimi shi ne, kafin a ba mutum makaranta a sa shi ya koyar a gaban kwamiti, a kuma sa shi ya kalli darasin wani ya faɗi abin da ya gani. A rage kiran shugabanni taro a ranakun karatu. A ba sifetoci man babur, domin sifeton da ba ya kai wa Mungadi ko Kimba sai sau ɗaya a shekara sunansa kawai sifeto. A kuma dubi malamin da aka tura ƙauye alhali iyalinsa suna Jega: tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin zuwa da dawowa yana cin babban rabo daga albashinsa, shi ya sa wani ke zuwa kwana uku ya yi fashin biyu. Hedimasta yana iya rubuta sunansa a littafin makara, amma ba zai iya gina masa ɗaki kusa da makaranta ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Zancen kuɗi kuma, kalma biyu. A watan Oktoba 2024 ɗaliban kwalejin lafiya ta Jega sun yi bore har aka ƙona gidan shugaban kwalejin, bisa zargin da suka yi game da kuɗin rajista. Ba ni ne mai yanke hukunci a kan zargin ba, ƙone-ƙone kuma ba hanya ba ce, ko kaɗan. Abin da shugabannin sakandare za su ɗauka a nan shi ne, duk kuɗin da aka karɓa daga hannun yaro, na jarrabawa ne ko na ƙungiyar iyaye da malamai, a ba da rasit, a liƙa lissafinsa a allon sanarwa inda kowa zai gani. Malamai ba sa karɓar gyara daga shugaban da suke zargi a zuci.

Ku kuma iyaye da dattawan ikilisiya da ke cikin kwamitin makarantu irin tamu, akwai nauyin da ke kanku. Tambayar da kuka fi yi wa firinsifal ita ce, yara nawa suka ci darussa biyar a jarrabawar WAEC da NECO? Tambaya ce mai kyau, amma idan ita kaɗai ake yi, kuna tura shi ga jaraba. Kowa ya san akwai makarantun da iyaye ke kwasar 'ya'yansu su kai a shekarar ƙarshe domin an ce can ba a faɗuwa, kowa kuma ya san dalili. Yaro ya fito da sakamako mai ƙyalli, ya shiga jami'a a Aliero, shekarar farko ta tona asiri. Makarantar mishan da ta shiga wannan kasuwa ta sayar da abin da ya sa aka kafa ta. Ku ƙara waɗansu tambayoyin: darasi nawa ka zauna ka kalla a wannan zango? Yara nawa ne a aji ɗaya ba su iya karatu ba da suka zo, nawa ne suka iya yanzu? Wane malami ne ya fi ci gaba bana, kuma me aka yi masa? Idan firinsifal ya san za a yi masa waɗannan tambayoyi, zai nemo amsarsu.

Ɗalibai, ban manta da ku ba. Kuna son ambaton Farfesa Attahiru Jega a muhawara, yadda ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kuma riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. A nan Jega ya yi firamare, a makarantar gwamnati, a kan benci irin naku. Idan shugaba ya shigo ajinku ya zauna a baya, kada ku ɗauka an zo kama wani ne, kada kuma ku yi wa malam rufa-rufa da amsa “mun gane” alhali ba ku gane ba. Idan aji ya zauna ba malami, shugaban aji ya je ya faɗa cikin ladabi. Wannan ba tsegumi ba ne, minti arba'in ɗin naku ne, iyayenku sun biya shi da buhun albasa.

Ga abin da nake ba da shawara mu gwada a zango mai zuwa, mu da duk makarantar da wannan mujalla ta isa gare ta. A makon farko a gwada karatun kowane sabon ɗalibi na aji ɗaya, shi kaɗai, minti biyar, da Hausa da Turanci. Waɗanda ba su iya ba a ware musu rabin sa'a kowace safiya kafin darasin farko, a fara daga baƙi da wasali ba tare da an yi musu dariya ba, a sake gwada su a mako na goma. Firinsifal da mataimakansa su raba malamai a tsakaninsu, kowane malami a zauna a ajinsa sau biyu kafin zango ya ƙare. Abin da ake bukata shi ne littafi ɗaya mai layi na rubuta sunaye, da kujera ɗaya da za a ajiye a bayan kowane aji.